Itatuwa Bakwai a Bayan Gidan Mai

Delhi, 9 ga Fabrairu, 1997

Zuwa ga Didi Karmi Kachhap, Sakuwa Toli, Ranchi.

Johar, Didi, babbar yaya. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaishe da Baba Sukra, da fatan sanyin bana bai taɓa masa ƙirji ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da hayaƙin Delhi da ke sa ni tari.

Na san ba ki san ni ba. Sunana Fulgens Kachhap. Kakana Jatru ƙanen kakanki Etwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne wanda masu ɗiban leburori suka tafi da shi lambun shayi a Assam tun zamanin Turawa, bai sake dawowa ba. A can aka haifi mahaifina, a can aka haife ni da wana Polus. Har ya rasu, kakana bai taɓa kiran Assam gida ba. In ya sha giyar shinkafa jikinsa ya yi ɗumi, sai ya tara mu yana ba mu labarin itatuwa bakwai na sarna, kurmin ibadarku, kowanne da siffarsa.

A watan jiya na ga ɗan labari a jarida, layi shida kacal. Wai wani kamfanin gine-gine yana son filin sarna ya yi kantuna, kuma wata mata mai suna Karmi, 'yar pahan mai jagorar ibadar unguwa, ta zauna a gaban motar masu awo ta hana su aiki. Sau uku na karanta sunan unguwar kafin na yarda da idona.

Ina aiki da wata ƙungiya mai kare haƙƙin Adibasi, wato mu 'yan asalin ƙasar nan. A ƙarshen Yuli za a tura ni Geneva, inda Majalisar Ɗinkin Duniya ke sauraron 'yan asalin ƙasashe sau ɗaya a shekara. Kullum maganar mutanenmu na daji da duwatsu ake kaiwa. Ban taɓa jin an kai ta waɗanda birni ya zo ya same su a gida ya haɗiye su ba. Ina so a ji taku.

Ki taimake ni da hoton Baba a cikin sarna, da kwafin takardar awon 1932 mai ɗauke da sunayen kakanninmu biyu. Kada ki ɗauke ni baƙo mai shisshigi. Sunan Jatru yana cikin takardar nan, don haka ni ma ina da haƙƙi a wurin, kuma lokaci ya yi da zan yi amfani da shi.

Ƙanenki,
Fulgens

Ranchi, 2 ga Maris, 1997

Fulgens Babu,

Johar. Wasiƙarka ta iso. Muna nan yadda Dharmes, Ubangijinmu, ya ajiye mu. Baba ƙafafunsa sun kumbura, ido ɗaya ya daina gani, amma kunne da baki lafiya lau. Ni ina aikina na shara da tura marasa lafiya a asibiti. Gwiwa na ciwo, ba sabon abu ba ne.

Na kira ka Babu, wato malam, ban kira ka ƙane ba, don ban san ka ba tukuna. Shekara sittin da biyu, ko kati ɗaya bai zo daga Assam ba. Kakana ya mutu, ba ku zo ba. Mijina ya mutu na dawo gida, ba ku sani ba. Ƙanena Bandhan, ɗa namiji tilo a wurin Baba, mota ta take shi a kan titin da aka yanka ta tsakiyar gonarmu, shiru. Yanzu da kowane taku na ƙasar nan ya zama abin rububi, sai ga wasiƙa da rubutu mai kyau.

Na karanta wa Baba. Da na zo kan sunan Jatru sai ya fashe da kuka. "Baffa Jatru! Shi ya sassaƙa mini bakana na farko." Na ce, "Baba, jira ka ji ƙarshen." Na karanta masa layin haƙƙi. Ya ce, "To, ai gaskiya yaron ya faɗa." Na ce, "Gaskiyar ce ke ba ni tsoro."

A al'adarmu mace ba ta gadon ƙasa. Ranar da Baba ya rufe ido, kai da wanka ne mazan gidan nan. Kai ka sani, ni na sani, Chaube dillalin kamfanin ma ya sani. Sau huɗu yana zuwa mana da kwalin alewa, sau huɗu ina ba akuya. To wane haƙƙi ne za ka yi amfani da shi? Kuma ku da kuka shiga coci, me ya dame ku da itatuwan da aka koya muku cewa na shaiɗanu ne?

Takarda ba za ta fita daga gidan nan ba, ko kwafinta. Hoto kuwa Baba ne ya matsa, ga shi nan na saka. Za ka gan shi da farin zane yana riƙe da faifan furanni. A bayansa katangar gidan mai ce, da bene mai hawa huɗu da tallar sabulu a jikinsa. Haka muke: itatuwa bakwai, makabarta, gida arba'in, motoci ta ko'ina.

Karmi Kachhap

Delhi, 21 ga Maris, 1997

Didi,

Johar. Na gode, na gode. A gaishe da Baba, a riƙa ɗora masa ƙafafun a kan matashi, kuma a rage masa gishiri. Tarina ya yi sauƙi.

Hoton yana gabana. Hancinsa irin na mahaifina ne sak. Duk wanda ya shigo ofis sai na nuna masa.

A tsaye nake rubutun nan, jirgin ƙasa ba ya jira. Zan tafi Assam in yi Ista da Dada Polus, in ba shi labarinku, na san zai yi murna. Daga nan zan zaga lambunan shayi in tattara koken ma'aikata, don shi ne ainihin abin da ƙungiya ta ba ni in kai Geneva. Na rubuta ɗan littafi a kanku da Turanci, ofis zai buga ya rarraba, za a aiko miki.

Maganar kwafin takarda, ki bar shi kawai, kada ya dame ki. Na ga mutumin da ke kula da takardun, ya ce sunan kakana kaɗai ya isa, ba sai an nemi sa hannunki ba. Sauran bayani sai mun haɗu.

Batun coci kuma, Didi, kin ba ni dariya. Kakana ya yi shekara talatin yana zuwa coci da safe, da yamma yana zuba wa kakanni giya a bayan ɗaki.

Ƙanenki,
Fulgens

Ranchi, 27 ga Afrilu, 1997

Fulgens Babu,

Johar. Muna lafiya daidai gwargwado. Mun yi bikin Sarhul. A kujera aka ɗauki Baba zuwa sarna, amma shi ya yanka zakarun da hannunsa, shi ya duba tulunan ruwa ya ce damina za ta yi kyau. Masu gidan mai sun ƙure rediyo don su danne gangunanmu, ba su iya ba.

Ɗan littafinka ya iso. Na daɗe ina kallon bangon kafin na gane abin da ya canza. Ina gidan mai? Ina bene? An datse hoton ta sama da gefe, saura Baba da ganyaye kawai. Na kai wa wata nas a wurin aiki ta fassara mini kan maganar. Wai "Masu tsaron daji na ƙarshe." Daji! Damisar da muka sani a Sakuwa Toli ita ce ta jikin kwalin ashana.

Ka san wa ya riga ni samun littafin? Chaube. Ya zo har ƙofa yana fifita da shi. "Didi, ashe ku mutanen daji ne? To ku koma can mana, nan birni ne. Ni ban ga filina a hoton nan ba." Maƙwabta suna tsaye suna ji. Shekara biyu muna faɗa wa kowane ofis cewa mu ba baƙi ba ne, birni ne ya zo ya same mu. Kai da almakashi ɗaya ka mayar da mu jeji.

A shafi na uku kuma ka jera zuriyar gidanmu kaf, har da inda jikokin Jatru suke: lambun shayi na Rongabari, layi na tara. Wa ya tambaye ka?

Sai abin da ya fi ci mini rai. Ka ce ka ga mutumin da ke kula da takardu, ya ce ba sai an nemi sa hannuna ba. Wane mutum? Waɗanne takardu? Na karanta layin nan har takardar ta yi laushi. Ban karanta wa Baba ba. Ka ba ni amsa a fili, ba "sai mun haɗu" ba.

Karmi

Ranchi, 12 ga Yuni, 1997

Fulgens,

Ba ni da gaisuwar da zan ba ka, amma an koya mini fara wasiƙa da lafiya. Baba ya daina cin shinkafa, sai ruwanta. Ni hannuna na hagu a ɗaure yake. Sati shida da rubuta maka ban ji daga gare ka ba, yanzu na san dalili.

Ran biyu ga wata da safe suka zo: Chaube, 'yan sanda biyu, magina, da masu zarto. Chaube ya tsaya a kan dutse ya karanta takarda da ƙarfi. Wai magajin Jatru ya sayar da rabin kakansa. Da yake doka ta hana sayar wa wanda ba Adibasi ba, sunan direban Chaube, wani Adibasi, aka sa a matsayin mai saye, mutumin da ko takalmin kirki ba shi da shi. Rabin nan shi ne gefen gabas: itatuwa uku da hanyar makabarta.

Mata muka rungume itatuwan. Aka ɓamɓare mu ɗaya bayan ɗaya, a nan na gurɗe hannun. Kafin rana ta take, uku sun kwanta. Baba yana kan gado yana jin zarto. Duk wanda ya faɗi sai ya ce, "Wanne ne?" Na farko na ce masa, "Mai kogo." Na biyu na ce, "Mai rassa biyu." Na uku bai tambaya ba, ya juya fuska bango. Yanzu katanga ta fi tsayina, da ƙofar ƙarfe da maigadi. Matattunmu suna ciki, mu muna waje.

Na ce Chaube ya ba ni takardar in gani. Ya ƙi saki, ya ɗora babban yatsansa a kan farkon sunan. Amma na ga saura: Kachhap, jikan Jatru, Rongabari, layi na tara. A ƙasa dangwalen yatsa ne. Dabara ta yi kyau. Mai digiri ya dangwala yatsa kamar wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, don kada a gane hannunsa. Ka ce ba sai an nemi sa hannuna ba. Gaskiya ka faɗa, ba a nema ba.

Lauya Minz ya shigar da ƙara, za a zauna ran sha shida ga Satumba. Ka je Geneva ka yi musu kuka da hoton mahaifina. Amma ka sani, duk inda na ji an tara mutanenmu, zan tashi in faɗi sunanka.

Karmi

Delhi, 3 ga Yuli, 1997

Didi,

Johar. Ina roƙon Ubangiji ya ɗaga Baba, ya warkar da hannunki. Shekaranjiya na dawo Delhi. Zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni a wani lambu mai nisa, sati biyar ina asibitin mishan, rabinsu ban san inda nake ba. Wasiƙunki biyu na same su a kan tebur. Na karanta ta biyun a tsaye, sai da na nemi kujera.

Ban sayar ba. Amma ba zan ce miki hannuna tsarkakakke ne ba.

Mutumin da na ce, ma'aikaci ne mai rajistar masu zuwa taron Geneva. Ba a barin mutum ya yi magana da sunan al'ummar da ba tasa ba. Na ɗauka sai kin sa mini hannu, ya ce tunda jininku ne ni, ya isa. Haƙƙin da nake nufi tun farko ke nan, haƙƙin buɗe baki. Da na sake karanta yadda na rubuta, ni ma da haka zan fahimta.

Hoto kuwa, shugabar ofishinmu ce ta ce, "Fulgens, in Turawa suka ga gidan mai za su ce waɗannan talakawan birni ne kawai, ba 'yan asali ba." Na yi gardama rabin awa. Daga nan ni da kaina na ɗauki almakashin. Ba wanda ya riƙe mini hannu.

Saura yatsa. Da zan baro Assam na biya ta gidan Dada Polus, na ga sabon keke a ƙofa, ban kawo komai a raina ba. Jiya na buga waya cocin Rongabari, Fada ya aika aka kira shi daga wurin aiki. Na ce, "Dada, keken nan daga ina?" Ya ce, "Wani mutum ne ya zo da littafinka a hannu. Ya ce kai ka aiko shi. Ya ce wata fadama ce ba kowa a kanta, in ba a dangwala ba gwamnati za ta ƙwace." Na ce, "Ba ka karanta ba?" Ya ce, "Ka manta? Kai aka tura makaranta, ni aka tura tsinkar ganye."

Da na gaya masa akwai kaburbura a wurin, sai na ji kan wayar ya bugi bango.

Shafi na uku ne ya kai su ƙofarsa. Na rubuta shi ne don alfahari, in nuna ni ma ina da asali.

Ran ashirin da huɗu zan tashi. Minti biyar aka ba ƙungiyarmu a zauren, kuma na ma'aikatan shayi ne. Ku a ɗan littafi kawai aka shirya ku fito. Mutane sun fi dubu da suka zauna da ni suka faɗa mini damuwarsu. Ban san yadda zan yi ba, Didi.

Fulgens

Ranchi, 14 ga Yuli, 1997

Fulgens Babu,

Johar. Sannu da jiki, in da gaske ka yi ciwon. Baba yana nan jiya i yau. An kwance mini hannu.

Labarinka ya tsaru. Zazzaɓi a daidai lokacin da ake nemanka, wa wanda bai iya karatu ba, wayar coci. Ya tsaru har ya so ya yi yawa. A asibiti na ga 'ya'ya suna kuka a kan gadon uwa, takardar gida tana aljihunsu. Ban ce ƙarya kake ba. Ban ce gaskiya kake ba. Polus ɗin nan ma ban taɓa ganinsa ba, a bakinka kawai na san shi.

Na kira mai hoto ya hau rufin maƙwabta ya ɗauki wurin. Ga shi nan: kututture uku, katanga, gidan mai, da itatuwa huɗu da suka rage. In kana so in yarda, ga abin da za ka yi. Ka ɗaga hoton nan a gabansu yadda yake. Ka faɗi inda muke kamar mai rubuta adireshi: Sakuwa Toli, bayan gidan mai, cikin garin Ranchi. Ka faɗi sunan wanda ya dangwala yatsa. Sannan ka kawo shi kotu ran sha shida ga Satumba ya maimaita abin da ya faɗa maka a waya.

Na san ma'aikatan shayi mutanenmu ne, na san suna shan wuya. Amma ba ni na yi musu alkawari ba, kuma ba su ka ɓata wa suna ba.

Karmi

Geneva, 1 ga Agusta, 1997

Didi,

Johar daga ƙasar da burodi ke da tauri kamar icce. Ina fatan Baba ya fara karɓar abinci. Ni jiki ya dawo, sai ɗan jiri in na hau bene.

Wasiƙarki ta same ni ana gobe zan tashi. Bari in faɗa miki yadda aka yi, ba ƙari.

Zauren ya fi filin kasuwa girma, kowa da abin saurare a kunne. Wasu sun sa gashin tsuntsu, wasu fatu, wasu barguna masu ado. Ni kwat ɗin aro na sa. A ƙofa wata Baturiya mai taimaka wa baƙi ta dube ni ta ce, "Ba ka zo da kayan gargajiyarku ba?" Na ce mata 'yar'uwata da rigar asibiti take zuwa aiki.

Ran Laraba bayan abincin rana aka kira ni. Rabin kujerun ba kowa. Aka ce masu magana sun yi yawa, minti biyar ya koma uku. Takardar shayi tana aljihun dama, hotonki yana na hagu. Har na miƙe ban yanke shawara ba. Na ciro hoton.

Na faɗi adireshin yadda kika ce. Da na ce sarna, na ji tafinta a kunnena ya ce "daji". Na tsaya na ce, "Ba daji ba ne. Itatuwa bakwai ne a bayan gidan mai, yanzu saura huɗu." Na ce mutanena ba su bar ƙasarsu sun zo birni ba, suna zaune birni ya zo, kuma a yau in mutum ya mutu a unguwar sai an roƙi maigadi.

Sunan Dada kuwa ban faɗa ba. Ki yi fushi in za ki yi. Na ce yatsan ɗan gidanmu ne wanda ba a koya wa karatu ba, kuma wanda ya nuna wa dillali hanyar gidansa ni ne, Fulgens Kachhap, da littafin da ke kan teburin ƙofa, wanda na datse hotonsa don ya burge ku. Shugaban zama ya ce an gode, ya kira na gaba. Ba wanda ya tafa.

Da na fito, wata dattijuwa daga New Zealand ta kama hannuna. Ta ce kaburburan kakanninta suna ƙarƙashin wani babban titi. Sai wani direban tasi daga Chile ya matso, sai wata daga Kanada. Kafin a tashi mun zama mu goma sha ɗaya a kan matakala, duk 'yan birni, duk an taɓa ce mana mu ba na ainihi ba ne. Mun rubuta roƙo a ware wa irinmu lokaci a zama na gaba. Ban sani ba ko za a kula.

Shugabata ba ta yi mini magana tun ranar. Koken ma'aikatan shayi a rubuce kawai na miƙa, ba wanda ya ji shi da kunne. Dole in koma Rongabari in tsaya a gabansu in faɗa musu haka, kuma wannan ya fi zauren ba ni tsoro.

Ga kwafin jawabina da hatimin Majalisa. Kada in ruɗe ki: ba umarni ba ne, ba hukunci ba ne. Hatimin karɓa ne da ake buga wa kowace takarda.

Tikitina na ƙungiya ne, akwai wasu tarurruka, ba zan sauka Delhi ba sai ƙarshen Satumba. Na rubuta wa Dada, na sa an yankar masa tikitin jirgin ƙasa zuwa Ranchi. Yana tsoron za a ɗaure shi. Ban san ko zai zo ba.

Fulgens

Ranchi, 20 ga Satumba, 1997

Fulgens,

Johar. Ina fatan za ka sauka lafiya. Ni ina nan. Baba ya rasu ran sha uku ga wata, da hantsi.

Polus ya zo ran sha ɗaya. Na dawo daga aiki na tarar da wani siririn mutum mai furfura a tsugune a bakin ƙofa, da silifas na roba da ƙullin ganyen shayi a leda. Maƙwabta suka ce tun safe yake nan, ya ƙi shiga, ya ƙi ruwa. Na ce, "Kai ne?" Ya ce, "Ni ne." Na duba babban yatsansa, ya ɓoye shi a hammata. Da Baba bai ji muryar baƙo ba, da a nan zai ci gaba da zama. Baba ya sa aka shigo da shi, ya shafa fuskarsa, ya ce, "Ka ci abinci?" Iyakar abin da ya tambaye shi ke nan.

Da Baba ya cika, dattawan unguwa suka taru a tsakar gida. Ka san sai namiji na gida ne zai sa wa mamaci shinkafa a baki, ya zuba ƙasar farko. Wani ya ce, "Ɗan coci?" Wani ya ce, "Wanda ya sayar da mu?" Suka yi ta ja har rana ta fara zafi. Na ce, "Ku nemo mini wani Kachhap na gidan Etwa in kuna da shi. In babu, ku tashi mu tafi, mahaifina yana jira."

Polus ya ɗauki gaban makara. A ƙofar ƙarfe muka tarar da maigadi da wani sufeton 'yan sanda, Chaube ya riga ya yi waya. Sufeto ya ce, "Wurin nan an sayar, ku kai shi makabartar gwamnati." Polus bai sauke makarar ba. Gicciyen wuyansa na kaɗawa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na sayar. An ce mini fadama ce. Na zo in binne babana. In kamu ne, ka bari in gama."

Sufeto ya ce shi takarda ya sani. To, ina da takarda. Na ciro taka daga cikin zane na miƙa masa. Ya karanta, ya juya bayanta, ya dawo kan hatimin. "Wannan daga ina?" Na ce, "Daga Geneva. An karanta sunan unguwar nan a gaban ƙasashen duniya. Ban sani ba ko za su so sunan wanda ya tare gawa." Na san ka ce ba umarni ba ne. Shi bai tambaye ni ba, ni ma ban ce umarni ne ba. Ya dubi jama'a, mun fi ɗari biyu, ya dubi hatimin, ya ce wa maigadi, "Buɗe. Awa ɗaya."

Awa uku muka yi. Polus ya sa shinkafar, rabinta ya zube. Bai san kalmomin ba, wani dattijo yana faɗa yana maimaitawa. Baba yana kwance kusa da Bandhan.

Ran sha shida ya tsaya a kotu. Lauyan kamfani ya yi ta juya shi, shi kuwa magana ɗaya yake maimaitawa. Alƙali ya ce a dakatar da duk wani gini sai an gama shari'a, kuma a bar hanyar makabarta a buɗe. Lauya Minz ya ce shari'ar tana iya cin shekara goma. Katanga tana nan. Unguwa ba ta da pahan, ba mu san wanda zai yanka zakarun baɗi ba.

Na gaya wa Polus ban yafe masa ba. Ya ce ya sani. Yanzu haka yana kan rufin kicin yana gyara inda ke yoyo tun bara, ba ni na sa shi ba. Jibi zai koma, kada a kore shi daga aiki. Ya ce mutanen layi na tara sun ji abin da ka yi da mintocinsu, kuma ransu a ɓace yake. Ka je ka same su tukuna, su ma suna da gaskiya.

A watan sanyi za mu yi bikin shigar da Baba cikin kakanni. Ana bukatar mazan gida. Ka zo. Wata bakwai ina karanta rubutunka, har yanzu ban san ko kai wane iri ne ba. Ka zo da ƙafarka, ka zauna a gabana, in ga idonka.

Didinka,
Karmi